Shanyar Baibai

Duk wanda ya ce muku wanki ruwa ne da sabulu, ku tambaye shi ko ya taɓa kwance buhun safar 'yan ƙwallo da ya kwana a ɗaure. Ni na kwance, shekara da shekaru, kuma ban suma ba. Ku da kuke danna inji ku koma kujera kuna latsa waya, sannan ku ce wai kun gaji da wanki, ku matso in gaya muku yadda ake yi.

Sunana Tabawa, amma daga Yakasai har Jakara in ba ka ce Iya Mai Jesi ba, babu wanda zai nuna maka gidana. A hannun Gwaggo Ladi na koyi wankau, ƙanwar babana, wadda ta yi wa manyan gidajen unguwarmu wanki har bayanta ya lanƙwashe. Aikin farko da ta ba ni babbar rigar wani ɗan kasuwar Kurmi ce, fara, da man ja a gaban aljihu. Ina karɓa na dulmiya ta a ruwa don in nuna zafin nama. Gwaggo sai da ta gama tauna goronta. Sannan ta kama kunnena ta kai fuskata bakin baho ta ce, "Dubi, kin raba wa rigar duka abin da aljihu kaɗai ya ci. Datti ana duba shi ne a bushe, a san daga ina ya zo, kafin a nuna masa ruwa."

A wurinta na san baho uku ake jerawa, na jiƙo da na cuɗa da na ɗauraya, kuma ba a yarda ɗaya ya ari aikin ɗaya. Na san maiƙo toka yake tsoro, tsatsa lemon tsami. Na san yawan bular da ke sa fari ya yi haske, da wadda ke mayar da Alhaji kamar an tsamo shi daga marina. Guga biyu ne a sana'armu, na rijiya da na dutse, na farko ya cinye miki kafaɗa, na biyu ya gasa miki fuska da gawayi. Babbar dokarta kuwa, wadda har yau ban taka ba, ita ce mai ƙarancin datti shi ke fara shiga ruwa, mai yawa ya jira. Ku riƙe wannan, don ita ta kusa raba ni da abincina.

Jesi ta zo hannuna ne ta dalilin ɓarnar wani. Akwai kwaleji a bayan ganuwa, suna da ƙungiyar ƙwallo, kocinsu Malam Sabo, dogon mutum mara yawan magana. Mai wankinsu na da ya ɗora dutsen guga a bayan riga, lambar ta narke ta bi dutsen. Malam Sabo ya shigo soronmu da buhu ya ce an ce masa ni ba na ƙona kaya. Na ce an gaya masa gaskiya, amma ba a gama ba, ba na kuma ɓatar da su.

Yadin jesi ba yadin mutane ba ne, ɗan'uwan leda ne. Ba ya son ruwan zafi, ba ya son murɗa, dutsen guga kuwa ko daga nesa. Kuma in bai sha rana da iska ba, wari yake riƙewa a cikinsa kamar mai riƙon gaba, sai yaro ya yi gumi ya fito da shi. Riga goma sha ɗaya ke zuwa mini duk mako, don ta 'yan benci ba ta buƙatata, a kaɗe ta a ninke. Ban yi boko ba, saboda haka lambobin da siffarsu na san su. Tara ludayi ce. Bakwai lauje. Goma muciya da ƙwai. Goma sha ɗaya taɓarya biyu. Amma ko ba lamba na san rigar kowa. Ta gola jar ƙasa a ƙirji da gwiwar hannu. Ta 'yan baya a kwankwaso, don rabin wasansu a kwance suke yi. Ta 'yan tsakiya farin gishirin gumi a gadon baya. Ta 'yan gaba wuyanta a sake, saboda jan da ake musu, amma jikinta da sauƙi.

A saman ɗakina nake shanya, wajen daɓe ne, da matakala. Igiya uku na ɗaure, ɗaya ta bakin lungu, ɗaya a tsakiya, ɗaya can jikin katangar baya. Abin da ya fara fita daga baho shi ke hawa igiyar bakin lungu. To tunda rigunan 'yan gaba ne masu sauƙin datti, kullum ludayi da lauje da taɓarya biyu ne a gaba, 'yan baya da gola can ƙarshe. Ni ban taɓa kawo komai a raina ba. Wanki nake.

Sai Habu kafinta. Shagonsa na bakin lungunmu, daidai inda in ka ɗaga kai za ka ga igiyata. Habu bai yi kwalejin nan ba, ko ƙofar ajinsu ba a taɓa kiransa ya gyara ba, amma in yana maganar ƙungiyar sai ka rantse da gadon ubansa aka saye ta. Shi ne bakin magoya baya. A wurinsa ƙwallo abu ɗaya ce, a tafi gaba. Duk fasin da aka yi baya, a ganinsa, cin amana ne.

Wata Juma'a yaron da ke sa muciya da ƙwai an cire shi da wuri a wasan da ya wuce, rigarsa ta zo kusan fes, sai ta shiga ruwan farko ta hau igiyar gaba. Suka zama huɗu. Washegari aka fara cin kwaleji, Malam Sabo ya ga ba sarki sai Allah, ya tura mutum huɗu gaba, suka rama suka ƙara. Da yamma Habu ya yi sallama a soro, yana murmushi kamar wanda ya tsinci mukullin banki.

Ya ce, "Iya, ashe haka kuke yi da mu."

Na ce, "Me muke yi da ku?"

"Koci na gaya miki tsarin gobe, ke kuma ki rataye."

Na ce, "Habu, ni ko gaisuwa Malam Sabo a gutsure yake ba ni."

Ya kashe mini ido ya ce, "Na gane, Iya. Sirri ne. Ba mai ji."

Kafin wata Juma'ar, har masu faci na Goron Dutse sun ji. Sai ga mutane a ƙofar shagon Habu, kai a sama kamar masu neman jinjirin wata. Wani ya ce lauje ya ɗan matso kusa da ludayi, to ta dama za a kai hari. Wani ya ce a'a, iska ce. Habu ya ce iskar ma da saninta aka yi. A shekarar ba abin da ya ɓaci, don Malam Sabo na da yara masu gudu, uku yake sawa a gaba, igiya ma uku take cewa. Kowa ya zauna lafiya, har tsire ake aiko mini.

Amma ƙwallon makaranta ba kamar ta kulob ba ce. Yaro yana fara iyawa sai ya gama karatu ya tafi. A shekara ɗaya masu cin nan suka watse, aka kawo sababbi, 'yan firit, rigar ma sai da na ɗan kama musu a gefe. Malam Sabo ya duba abin da ke hannunsa, ya kwashe kowa ya mayar baya, ya bar yaro ɗaya tal a gaba, mai ludayi, wanda ake kira Walƙiya. Sunan tun daga sakandare ya taho da shi, mu dai ba mu ga hadarin ba.

Wankin farko na wannan shekarar ba na manta shi. Na zazzage buhu, na ɗaga rigar Walƙiya, sai ƙamshin turare. Ko ƙura babu. Na sa hanci na sake shinshinawa, na ce wannan biki ya je ko fili? Lauje da taɓarya biyu da muciya da ƙwai su ma fes, don an mayar da su baya amma ba su iya tare ba, tsayawa suke suna kallon 'yan baya na birgima. To doka doka ce. Su huɗun suka shiga ruwan farko, suka hau igiyar gaba.

Ranar wasa ni nake kai kayan a adaidaita, in shimfiɗa tabarmata a gindin darbejiya in jira a gama in kwashe. Saboda haka da kunnena na ji. Mutane sun cika fili sun zo ganin huɗu a gaba, aka busa, sai ga Walƙiya shi kaɗai a tsakiyar fili, hannu a ƙugu, kamar mai jiran mota. Habu ya hau benci.

"Koci, ina sauran ukun?"

Malam Sabo bai waiwayo ba.

"Koci, igiya ta ce huɗu. Da idonmu muka gani."

Wani daga baya ya ce, "Jiya yana da zuciya, ya kwana ya tashi babu."

Wani ya ce, "A ba Iya usur ɗin mana, ko da tsintsiya ta kora su gaba."

Haka aka yi ta yi mako bayan mako. Igiya ta ce huɗu, fili ya ce ɗaya. In aka yi canjaras su ce da an bi igiya da an ci. In aka ci su kuwa, ranar har adaidaitar da na hau sai an raka ta da tafi, Malam Sabo kuma a raka babur ɗinsa da abin da ba zan maimaita ba. Ni na zama gwana ban buga ba, shi ya zama matsoraci bai gudu ba. Tsiren da ake aiko mini ya ƙaru, amma daɗinsa ya ragu, don na san mai ba ni aiki ake gasawa.

Ana cikin damina Malam Sabo ya zo. Bai kawo buhu ba, wannan ya fara gaya mini akwai magana. Ya tsaya a soro ya ƙi zama.

Ya ce, "Iya, shugaban makaranta ya kira ni. Wai me ya sa nake sanar da tsari a unguwa, sannan in sauya a fili."

Na ce, "Ka ce masa ni ma wanki nake sanarwa."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaran nan in na tura su gaba, kwando za a cika mana. Ni na san abin da nake da shi. Asabar muna da wasa da kwalejin wajen gari, in suka ci mu mun fita daga gasar. Ki shanya a ɗaki."

Na ce, "Malam, da damina? Jesi a ɗaki? Yaranka za su shiga fili suna warin tsohuwar rijiya, a ce Tabawa ce ta wanke. Ban yi wa Gwaggo Ladi haka ba tana raye, ba zan yi mata tana kabari ba."

Ya ce, "To ki ji. In aka sake ganin lamba ɗaya daga lungun nan, zan kai kayan shagon inji. Ba don na raina aikinki ba."

Ya aiko da buhun da la'asar. A lokacin manyan gidajen da na gada daga Gwaggo duk sun sayi inji, babbar riga ta daina zuwa. Jesin nan ita ce tukunyata. In ta tafi, sai dai in koma wanke zanin jego.

Malam Sabo bai jima da fita ba sai ga Habu, ya shigo da sabuwar kujerar tsuguno, wai kyauta.

Ya ce, "Iya, wannan karon biyar za ki sa a gaba. In jama'a suka ga biyar, ba shi da hanyar gudu."

Na ce, "Gola fa, in haɗa da shi?"

Ya tsaya yana tunani, wallahi da gaske. Ya ce, "A'a, a bar gola tukuna."

Na karɓi kujerar, don tawa ta karye, na ce ya gaida gida.

Ranar Juma'a na yi wankina yadda na saba, baho uku, mai sauƙi a gaba. Ina cuɗawa ina juya maganar Malam Sabo. Bai ce kar in hau sama ba. Cewa ya yi kar a ga lamba. To riga tana da ciki tana da waje. Sai dai ku da ba ku san aiki ba za ku ce ai sai a juya ta baibai a yafa a igiya. In kika yi haka, lambar na ciki ta ninku, ta haɗu da 'yar'uwarta, rana ta ɗan taɓa ta, sai ta manne, kina ɓanɓarowa tana tahowa da fata. Dole rigar ta tsaya a buɗe, iska na ratsa ta. Saboda haka na kwance igiyoyin, na zura kowace ta hannun riga ta fita ta ɗaya hannun, na sa tsinken kara a ƙasa ya buɗe cikin. Riga mai hannu a miƙe tana cin wuri, igiya uku suka kasa, na ciro ta rijiya na ɗaura ta huɗu.

Da na sauko na leƙa ta soro, lungu ya cika, amma shiru kamar ana jana'iza. Riguna a tsaye sahu huɗu, hannu a buɗe, ba lamba ko ɗaya, ɗinki a waje.

Can wani ya ce, "Habu, karanta mana."

Habu ya cire fensir daga bayan kunne ya mayar. Ya ce, "Sahu huɗu. Ba lamba. Wato kowa na iya zama kowa." Ya sauke murya. "Wannan ba tsarin ƙasar nan ba ne. Ashe duk shekarar nan mutumin nan ɓoye hannunsa yake."

A cikin taron har da wasu baƙin fuska biyu a kan babur. Daga baya na ji 'yan kwalejin wajen gari ne, su ma sun daɗe suna aiko a duba musu igiyata. Suka ɗauki hoto da waya suka tafi ba su ko yi sallama ba.

Asabar na shimfiɗa tabarmata. Aka busa. Malam Sabo ya yi abin da ya saba, ko tsinke bai sauya ba, kowa baya, Walƙiya a tasha. Su kuma waɗancan, da suka saba zuwa su yi wa mutane ruwan ƙwallo, suka ƙi haurowa. Suna jiran abin da ke cikin rigar. Ƙwallo ta yi ta yawo a tsakiya ba mai so, kamar kuɗin da ya yage. Abin da ya ba ni mamaki bakin fili ne. Ɗan baya ya mayar wa gola ƙwallo, irin wadda makon jiya ake tsine wa kakansa a kanta, sai na ji Habu na cewa, "Ku yi shiru, tarko ne." Aka sake mayarwa. Ya ce, "Kun gani? Jan su yake." Mutane suka gyaɗa kai. Wani dattijo kusa da ni ya ce shi tun farko ya san Malam Sabo ba ƙaramin mutum ba ne.

Har aka kusa tashi ba abin da ya faru, sai wata akuya da ta shigo ta ga ba hayaniya ta kwanta kusa da kwana. Hadari ya taso, iska ta juyo. Golanmu ya gaji ya ɗaga ƙwallo sama iya ƙarfinsa don ta yi nisa da shi. Iska ta ɗauke ta. Walƙiya a lokacin ya juya baya yana daidaita wandonsa. Ta dira a gadon bayansa, ta yi tsalle ta haye kan golansu da ya fito, ta gangara raga a hankali kamar mai jin kunya. Yaron sai da ya ga ana rungumarsa ya tambayi abin da ya faru.

Habu ya faɗo daga benci, ya tashi yana ihu. "Da baya ya ci! Da lambar ya ci! Shi ya sa aka ɓoye ta!"

Fili ya ɗauka, baibai, baibai. Suka ɗaga Malam Sabo sama, mutumin da makon jiya suka ce a mayar da shi koyar da noma. Ina hango fuskarsa a saman kawunansu, irin ta wanda aka ba shi canjin da ya fi kuɗinsa yana tunanin ko ya yi magana.

Da na zazzage buhu a gida, ga rigar ludayi da tambarin ƙwallo na jar laka, zagaye cif, a kan lambar. Karo na farko a shekarar da ta kawo mini abin wankewa. Habu ya zo har soro yana roƙo kar in wanke, wai tarihi ne, zai yi mata firam. Na ce ya yi wa bencin da ya faɗo daga kai. Ranar ita ta shiga ruwan ƙarshe, da 'yan baya, kuma na ba ta haƙƙinta.

Wasan da ya biyo baya an ci su, sun fita daga gasar, da tsarin nan dai na kowa baya. Ba wanda ya zagi koci. Habu ya ce yaran ne ba su gama gane baibai ba, abu ne mai zurfi, sai baɗi.

Maganar shagon inji ba ta sake tasowa ba, har yau ni ke wanke musu, kuma har yau baibai nake shanyawa, sahu huɗu. Wata Juma'a bayan nan, ina sama ina zura igiya, na leƙa lungu na ga mutum shi kaɗai a jikin babur, kai a sama. Malam Sabo ne. Ya daɗe yana kallon rigunan. Da muka haɗa ido ya yi gyaran murya, ya duba hagu da dama ko Habu na kusa.

Ya ce, "Iya, gobe wa kike ganin zai fara a gaba?"

Na taɓa rigar da ke kusa da ni, na taɓa ta gefenta.

Na ce, "Wanda ya riga bushewa, Malam."